Koyon nutso a tsakiyar doguwar tafiyar babur: Dahab, Tafkin Malawi, Koh Tao ko Utila?

Duk wanda ya yi wata biyu ko uku yana kan babur a ƙasashen waje ya san akwai ranar da jiki zai ce maka ya isa haka. Wuya ya sage, kafaɗa kamar an ɗora maka buhu, hannun dama yana zugi saboda riƙe totur, kai ko ganin hular kwano baka son yi. Toh a irin wannan lokacin ne da yawa ke cewa bari in ajiye mashin ɗin nan na sati ɗaya in koyi nutso da tukunyar iska, tunda dai ga teku a gabana kuma ba lallai in sake dawowa nan ba. Shawara ce mai kyau wallahi, ni ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Abinda nake so mu zauna mu duba shine a ina, kuma ta wace hanya, domin mai babur lissafinsa daban yake da na ɗan yawon buɗe ido da jirgi ya sauke, shi da jakarsa kawai. Kai kana da mashin da za'a ajiye, kana da takardar kwastan da kwanakinta ke ƙirguwa, sannan idan ka gama nutson hanya zaka hau, kuma hanyar nan wani lokaci dutse take hawa. Wannan na ƙarshen shine mutane suka fi mantawa dashi, zan dawo kansa.

Da farko dai mu san me ake koya. Kwas ɗin farko sunansa Open Water, kwana 3 zuwa 4 ake yinsa, akwai karatu da 'yar jarabawa, akwai horo a ruwa mara zurfi inda zaka koyi cire ruwa daga gilashin fuska, da nemo abin shaƙar iska idan ya fita daga bakinka, da karɓar iska a wajen abokinka idan taka ta ƙare, sai kuma nutso 4 a teku ko tafki na gaske. Idan ka gama ana baka satifiket da zai baka damar sauka har mita 18 tare da abokin nutso, kuma baya ƙarewa, naka ne har abada. Amma kafin nan sai ka nuna kana iya iyo na mita 200 babu tsayawa, ko mita 300 da gilashi da takalmin iyo, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10. Ba gudu ake nema ba, babu mai duba agogo a iyon, amma idan baka iya ruwa ba sam toh ɗan'uwa wannan shine aikinka na farko, ka koya tun kafin ka tashi tafiya, kar ka je ka biya kuɗi a maida kai gefe.

Hanya uku ce a gabanka. Ta farko ka yi komai gaba ɗaya a inda ka tsaya, kwana huɗu ka zama mai satifiket. Ta biyu ka raba shi, wato ka yi karatun da horon ruwa mara zurfi a wuri ɗaya, su baka takardar shaida, ka je ka ƙarasa nutso huɗun a wata cibiyar cikin wata 12. Ta uku kuma gwaji na yini ɗaya, malami ya riƙe ka ku sauka bai wuce mita 12 ba, ka ga kifi ka fito, babu satifiket. Ni a ganina gwajin yini ɗaya na wanda yake shakka ne ko kunnensa da zuciyarsa zasu ɗauka, idan ka riga ka san kana so ɓata kuɗi ne. Rabawar tana da daɗi ga wanda kwanakin bizarsa suka matse, amma tafi tsada domin wuri biyu zaka biya, kuma abinda ka koya wata takwas baya wallahi rabinsa ya gudu kafin ka iso teku. Abinda na fi so shine ka yi karatun kawai ta intanet a waya, da daddare a masauki bayan ka sauka daga mashin, PADI da SSI, manyan ƙungiyoyin da ke bada satifiket ɗin nutso, duk suna da wannan tsarin, sai ka iso cibiyar da karatunka a kai, saura aikin ruwa.

Maganar PADI ko SSI kuwa kar ta hana ka barci. PADI an kafa ta 1966, SSI 1970, duk biyun daga Amurka suka faro, zurfin da suke bayarwa ɗaya ne, kuma kusan duk inda ka je a duniya za'a karɓi katin kowanne. Zaka iya farawa da wannan ka ci gaba da wancan. SSI takan ɗan fi sauƙin kuɗi a wasu wuraren. Abinda zaka tambaya da gaske shine mutum nawa ne a ajin, domin ƙa'ida ta yarda malami ɗaya ya ɗauki har ɗalibi 8, amma ka nemi inda basu wuce 4 ba, sannan ka tambaya da wane yare malamin zai koyar, kuma idan ka kasa wani darasi yau za'a ƙara maka lokaci gobe ko sai ka sake biya.

Toh yanzu wuraren. Bari in fara da Dahab domin idan ana maganar koyo zalla, ita na sa a gaba. Ƙaramin gari ne a Sina'i ta kudu a Masar, a bakin mashigin Aƙaba na Bahar Maliya, kamar kilomita 90 arewa da Sharm el-Sheikh. Abinda ya bambanta ta da sauran shine yawancin nutson daga gaɓa ake shiga, ka sa kayanka ka taka da ƙafa ka shiga ruwa, babu jirgi babu jiri babu amai, kuma wajen da ake kira Lighthouse inda ake koyar da sababbi a tsakiyar gari yake, ƙasan yashi ne yana gangarawa a hankali. Ruwan garau yake kusan duk shekara, murjanin na da rai, kifi kala-kala tun daga mita biyu. Ga mai babur babbar riba itace babu tsibiri, mashin ɗinka yana tsakar gidan masaukinka kana ganinsa safe da yamma, zaka iya canza baƙin mai ka gyara cen a ranar hutu. Akwai ɗakin matsin iska na maganin ciwon nutso, wato ciwon da kumfar iska a cikin jiki ke jawowa, a Dahab ɗin kanta, akwai kuma a Sharm.

Matsalarta shigowa da mashin. Masar na cikin ƙasashen da ke neman kane, wato takardar nan ta carnet de passage da ke zama kamar fasfon abin hawa, kuma a iyaka sai an baka lambar ƙasar ta wucin gadi ka ɗaura, aikin takardu ne mai cin yini. Sina'i kuma shingayen tsaro ne a jere, dokar wane abin hawa zai wuce tana canzawa, dole ka bincika sabon hali kafin ka nufo. Wasu ta Jodan suke shigowa, su hau feri daga Aƙaba zuwa Nuweiba, daga nan Dahab ba nisa. Kuma ita Aƙaba ɗin ma ana koyon nutso a cikinta daga gaɓa, idan Masar ta gagara ruwa ɗaya ne. Sai sanyi, da hunturu ruwan kan sauko wajen digiri 21 zuwa 22, a baki kamar ba komai amma minti arba'in a ciki sannan ka fito iska na kaɗawa zaka ji a jikinka, da zafi kuma yakan kai 27 ko 28. Abu ɗaya da zan roƙe ka akai shine Blue Hole, ramin nan mai zurfin sama da mita 100 da ke arewa da garin. Gefensa na sama lafiya lau ne, ana kai sababbi tare da jagora. Amma akwai wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci rayuka da yawa, allunan sunayensu na nan a jikin dutse a bakin wurin. Mai satifiket ɗin mita 18 bashi da abin yi a can, ko wa ya zuga shi.

Tafkin Malawi kuma wani abu ne daban, kuma ina ƙaunarsa, amma sai na faɗi gaskiya akansa. Da can masu bin hanyar Alƙahira zuwa Cape Town sukan samu duka biyun a tafiya ɗaya, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 wannan layin ya yanke a tsakiya, don haka yanzu yawanci ko kana gefen arewa ko kana gefen kudu da gabas. Idan kana yawo tsakanin Tanzaniya, Zambiya da Mozambik, toh Malawi na kan hanyarka, kuma wuraren koyo biyu ne sanannu, Nkhata Bay a arewa da Cape Maclear a kudu. Ruwan daɗi ne ba gishiri, ido baya zafi, idan ka haɗiye babu komai, babu igiyar ruwa mai jan mutum irin ta teku, kuma dalmar da ake ɗaura maka a ƙugu bata kai ta teku yawa ba domin ruwan daɗi baya ɗaga jiki kamar na gishiri. Ga mai tsoron ruwa wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Murjani babu, manyan duwatsu ne a ƙasa, amma kifayen nan ƙanana masu launi da mutanen wurin ke kira mbuna sun isa kallo, tafkin yafi kowane tafki a duniya yawan nau'in kifi, shi yasa UNESCO ta sa gandun da ke kudancinsa cikin kayan tarihin duniya a 1984. Zaka ga uwa ta saki 'ya'yanta suna kiwo, da ka matso sai ta buɗe baki duk su koma ciki. Na daɗe ban ga abinda ya taɓa ni kamar wannan ba.

Amma ga inda Malawi ta gaza Dahab. Na ɗaya tsargiya, akwai ta a sassan tafkin musamman kudu inda ruwa ke kwance kusa da ƙauyuka, maganinta praziquantel sananne ne amma sai bayan makonni ake gwaji a sha, kar ka manta don ka yi nisa. Na biyu babu ɗakin matsin iska a bakin tafkin, idan abu ya faru sai an fitar da kai nesa, don haka a nan ba'a wasa da ƙa'ida ko kaɗan. Na uku, wanda ya koya a ruwan daɗi ranar da ya fara shiga teku sai ya sake saita nauyinsa ya saba da kaɗawar ruwa, ba wani babban abu bane amma ka faɗa wa jagoranka gaskiya cewa wannan ne tekunka na farko. Kuma dan Allah kar ka ce daga Malawi zaka faɗa Tofo ta Mozambik kai tsaye kamar tsohon hannu, can kwale-kwale ke keta igiyar ruwa daga gaɓa kuma ruwan na da ƙarfi, wuri ne mai kyau sosai amma yafi dacewa da wanda ya ɗan goge. Lokaci kuma, damina daga wajen Disamba zuwa Afrilu tana dama ruwan, sai daga Agusta zuwa Nuwamba yafi haske.

Yanzu maganar dutse da nace zan dawo kanta, ka nutsu ka ji. Iskar da ke cikin tukunyar nan ba oksijin zalla bace kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 78 cikin ɗari naitirojin. Duk mita 10 da ka sauka a teku nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, a mita 18 ya kusa ninki uku kenan, kuma a wannan matsin naitirojin na narkewa ya shiga jini da tsoka. Idan ka fito yana fita a hankali ta numfashi, awanni yake ɗauka. Idan matsin ya ragu da sauri kafin ya gama fita sai ya zama kumfa a cikin jiki, shine ciwon nutso, ya kawo ciwon gaɓoɓi, mutuwar sashen jiki, har shanyewa. Shi yasa ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, shi yasa kuma DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, ta ce kar a hau jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 idan nutso ɗaya ka yi, awa 18 idan ka jera nutso ko ka yi kwanaki kana yi, da yawa ma cewa suke a cika 24. Kowa ya san ta jirgi. Abinda ba'a cika faɗa wa mai babur ba shine jikinka bai san bambancin jirgi da dutse ba, tsayi tsayi ne, kuma ita ƙa'idar tun daga wajen mita 600 ta fara aiki.

Duba yadda abin yake a ƙasa. Tafkin Malawi kansa yana sama da teku da kusan mita 470, wanda tuni ya shiga sahun nutson tudu tunda daga mita 300 ake fara wannan lissafin, sannan daga Nkhata Bay zuwa garin Mzuzu kilomita hamsin ne ko ƙasa da haka amma Mzuzu ta haura mita 1,200. Awa ɗaya akan mashin ka hau duk wannan. A Dahab kuma kowa na son zuwa Dutsen Sina'i ya ga fitowar rana, garin Saint Catherine na wajen mita 1,600, ƙololuwar dutsen 2,285, kuma da daddare ake tafiya, kaga wanda ya yi nutso da rana ya bi su ya jefa kansa cikin haɗari. Ka je dutsen kafin ka fara kwas, ko ka bari sai ka yi cikakken yini baka shiga ruwa ba. Ni dokar da na ɗora wa kaina itace awa 24 mashin baya motsi bayan nutson ƙarshe, in wanke kaya in duba taya da birki in sha ruwa, shikenan.

Idan tafiyarka a Asiya ce toh Koh Tao ce sunan da zaka fi ji, ƙaramin tsibiri a mashigin Tailan, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da sababbin masu nutso a duniya. Araha, ruwa mai ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30, cibiyoyi kamar me, gasa ta sa farashi ƙasa. Daga garin Chumphon da ke gaɓar Tailan ake hawa jirgin ruwa, kuma wajen nan ƙasa ce shimfiɗaɗɗa don haka maganar dutse bata da zafi sosai. Laifinta cunkoso, wasu wuraren kamar masana'anta suke, a shigo da ku a fitar, sai ka tashi tsaye ka zaɓi ƙaramin aji. Ka guji wajen Nuwamba lokacin da ruwan sama da iska suka fi ƙarfi. Shigar da babur mai lambar wata ƙasa Tailan ya ƙara wuya tun 2016 da aka tsaurara izini, shi yasa da yawa suke haya ko su sayi ƙaramin mashin a yankin. Kuma hanyoyin tsibirin masu gangara ne ga yashi, mutane da yawa kwas ɗinsu ya lalace saboda faɗuwa, gara ka bar naka a Chumphon ka taka da ƙafa.

Mai bin hanyar nahiyar Amurka daga arewa zuwa kudu kuma Utila ce tasa, tsibiri a Honduras, feri daga garin La Ceiba da ke gaɓar ƙasar bai wuce awa ɗaya ba. Tana kan jerin murjani na biyu mafi girma a duniya, ana jin Turanci, ana araha, cibiyoyi da yawa na haɗa maka da ɗakin kwana, akwai ɗakin matsin iska a tsibirin, idan da rabo ma ka ga babban kifin nan whale shark. Mashin a La Ceiba ake barinsa, ka nemi wurin ajiya da ke da mai gadi ka ɗauki hotonsa ka cire batir. Ka lura da lissafin kwana, Guatemala, El Salvador, Honduras da Nicaragua izinin zama ɗaya na kwana 90 suke rabawa a tsakaninsu, sati biyun da ka ƙara a Utila daga cikinsu ya fita. Damina daga Oktoba zuwa wajen Janairu takan hana feri tashi. Kuma idan kudu ka nufa Tegucigalpa babban birnin Honduras na tsayin kusan mita 1,000, dokar awa 24 na nan.

Toh idan ka ce in zaɓa maka, wanda yake da hanyar shiga Masar ko Jodan ya koya a Bahar Maliya. Wanda ruwa ke bashi tsoro kuma yana kudancin Afirka ya koya a Malawi, ya ƙara nutso biyu da jagora ranar da ya isa teku. Koh Tao da Utila na wanda hanyarsa ta bi ta nan ne kuma aljihu ya fara sauƙi. Abinda bazan baka shawara ba shine ka karkata kilomita dubu don ka rage dala hamsin, man da taya zasu cinye ribar.

Inshora ka karanta ta da idonka, yawancin inshorar tafiya ko dai bata ɗaukar babur da ya wuce 125cc, ko bata ɗaukar nutso, ko ta ɗauka zuwa wani zurfi kawai, kuma kai duka biyun kake buƙata. Akwai takardar tambayoyin lafiya da zaka cike kafin kwas, asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon suga, matsalar kunne, idan ka amsa eh a wani sai likita ya sa hannu, kuma mai sikila lallai ya ga likita tun kafin ya sa abin a ransa. Kar ka ɓoye komai don a barka ka shiga. Idan kana shan mefloquine na rigakafin maleriya ka faɗa, domin illolinsa na kama da alamun ciwon nutso. Mura ma kar ka raina ta, hanci a toshe kunne bazai daidaita ba, kuma mai babur da ya sha iska da ƙura kwana da kwanaki yakan iso da ita. Haka ƙunar salansa ko ƙujewar faɗuwa, ɗanyen ciwo da ruwan teku kullum baya warkewa, ka bari ya kame.

Kaya kuwa kar ka sayi komai sai gilashin fuska da ya zauna maka daidai, in da hali ka ƙara kwamfutar nutso ta hannu mai kamar agogo da ke nuna zurfi da lokaci, su biyun zasu shige aljihun jakar tanki. Rigar roba da takalmin iyo da tukunya duk suna cikin kuɗin kwas, kuma jiƙaƙƙiyar riga a akwatin mashin kwana biyu ta isa ta ɓata maka duk tufafinka. Mai gashin baki ya rage na ƙarƙashin hanci kaɗan don ruwa kar ya dinga shiga. Idan zaka tsara kwanaki ka ware bakwai, ranar isowa da washegari hutu da shan ruwa da zagaya cibiyoyi kana ganin kayansu da idonka, huɗu na kwas, ta bakwai mashin na ajiye. Idan abin ya shiga ranka, kuma inaga zai shiga, kwas na gaba nutso 5 ne cikin kwana 2 ya kai ka mita 30, sai ka duba takardar kwastan ka ga ko kwanakin zasu kai.